Ragon iri ba a ido yake ba: yadda ake tantance gadon girma da nauyi a garken tumaki

Shekarar da na fara kiwo da gaske a bayan Bukuru, na tafka wautar da kusan kowane sabon shiga yake tafkawa. Saura mako uku Babbar Sallah na shiga kara, idona ya faɗa kan wani ƙaton Yankasa, fari sol da baƙin zobe a ido, geza har ƙirji, yana tafe yana rangaji saboda ƙiba. Ba don layya na saye shi ba, don iri. Abin da na zuba a kansa ya isa in kora tumaki mata uku zuwa gida. Na sake shi cikin garke, bayan wata biyar aka fara haihuwa, na zuba ido ina jiran ƙattai. 'Ya'yan suka fito ba yabo ba fallasa, ba su fi na tsohon ragon da na raina da komai ba. Shi kuwa gogan, da ya bar turken da aka yi wata huɗu ana ɗura masa dusa da kowar wake, ya koma cin abin da sauran ke ci, sai ya saɓe kamar an sace masa iska.

Kawuna ya zo ya tsaya bakin shinge ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ɗana, ai dusa ka saya, ba rago ba. Dusa kuwa ba a gadonta."

Duk abin da zan faɗa a nan bayanin wannan maganar ce. Tumakinmu na nan, Yankasa da Balami da Uda da 'yan gajerun nan na kudu, duka masu gashi ne, ba masu ulu ba irin na Ingila. Ba a aske su a sayar da komai. Ribarsu nama ce da yawan 'ya'ya, saboda haka saurin girma da nauyi su ne kuɗin. Tambayar ita ce, cikin nauyin da ka gani a jikin rago, nawa ne zai bi jini ya isa ga 'ya'yansa, nawa ne kuma zai ƙare a tukunya tare da shi?

Masana kiwo suna da ma'aunin wannan, ni ina kiransa kason gado. Idan ka tara 'yan raguna sa'annin juna ka auna su, za ka ga wani ya fi wani. Wannan bambancin, wani ɓangarensa daga jini ne, sauran kuwa daga nonon uwa, da ci, da tsutsar ciki, da zawon da ya kama wani ya bar wani. Binciken da aka yi kan tumaki a ƙasashe da dama ya nuna kason gado a nauyin yaye yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. A nauyin wata shida zuwa shekara yakan ɗan ɗaga, wajen kashi 20 zuwa 40, saboda a lokacin ɗan ya daina dogaro da uwa, abin da ke jikinsa ya fara magana. Ka lura da kyau: ko a inda ya fi yawa, bai kai rabi ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ƙimar nama ya sani. Ƙimar jini sai da sikeli da biro.

Da farko, kowace dabba ta samu lamba

Ba a tantance abin da ba a iya bambancewa. "Mai baƙin kunne" da "'yar waccan mai faɗa" suna aiki idan tumakinka biyar ne. Da sun kai ashirin, ƙwaƙwalwa ta fara yi maka ƙarya ba ka sani ba. Ka sayi alamar kunne ta roba a shagon magungunan dabbobi, ka maƙala wa kowane ɗa tun ranar haihuwa ko washegari. Ni ina fara lambar da shekara, ta yadda 2417 na nufin ɗa na 17 a shekarar 2024, ko ba littafi na san shekarunsa. Alama takan faɗi a shinge, don haka ka rubuta kamannin dabbar a gefen lambarta.

Littafin kuma mai kauri za ka nema, kada ka yi da takardun da iska za ta ɗauka. Kowane ɗa layi guda: lambarsa, lambar uwa, lambar uba, ranar haihuwa, namiji ko mace, tilo ko tagwaye, haihuwa ta nawa ce ga uwar, sai guraben nauyi, sai wani fili a ƙarshe na rubuta abin da ya same shi. Duk wata ka ɗauki hoton shafukan da waya. Akuya ta taɓa cinye mini rabin shafi, ba wasa nake ba.

Gurbin da ya fi wahalar cikawa shi ne na uba. Idan raguna uku suna yawo cikin mata dare da rana, ko kuma tumakinka na fita unguwa suna cuɗanya da na maƙwabta, to ba ka da uba a littafi, zato kawai kake da shi. Maganin shi ne ka ware raguna, ka raba matan gida-gida, kowane rukuni da ragonsa guda, na tsawon kwana 35 zuwa 42. Tunkiya tana neman barbara kusan duk kwana 17, ka ga ta samu dama sau biyu ke nan. Ka kwaɓa shuni da ɗan mai ka shafa a ƙirjin ragon, duk wadda ya hau za ka ga shaida a ƙugunta da safe, sai ka rubuta ranar. Ciki wata biyar ne, wajen kwana 147 zuwa 150, saboda haka ranar haihuwa za ta gaskata littafin ko ta ƙaryata shi. Kuma ka fitar da 'yan raguna daga cikin mata tun suna wata huɗu. Tumakinmu suna balaga da wuri, kuma ba su da wani lokacin barbara na musamman, duk shekara ne. Ɗan da kake ganin yaro shi zai lalata maka lissafin shekara guda.

Sai awo, kuma a kan lokaci

Sau huɗu ya wadatar: cikin awa 24 da haihuwa, ranar yaye wajen kwana 90, a wata shida, sai a shekara guda ga waɗanda suka rage. Sikelin rataye mai ɗaukar kilo 50 ya isa wannan aiki. Ka samu buhu mai ƙarfi ka huda masa ƙofofi huɗu na ƙafafu, ka zura ɗan ragon ciki, ka rataye a reshe ko a ƙarfen rumfa, ka jira ya daina shure-shure kafin ka karanta. Na jarirai kuwa sikeli ƙarami ya fi, domin ɗan Yankasa yakan faɗo da kilo biyu da rabi zuwa uku, kuskuren rabin kilo a nan babba ne.

Da sassafe ake awo, kafin a ba su ci ko ruwa. Tumbin da ya cika da ɗanyar ciyawa yana iya ƙara wa saurayin rago kilo biyu, waɗanda kafin la'asar sun zama taki. Kafin ka fara, ka gwada sikelin da abin da ka san nauyinsa. Lita goma ta ruwa kilo goma ce, ban da nauyin jarkar. Idan allura ta nuna wani abu daban, gyara ta tukuna. Duk rukuni ɗaya a rana ɗaya, da sikeli ɗaya.

Wanda bai da sikeli yana iya zagaya ƙirji da awon tela, daidai bayan ƙafafun gaba, domin faɗin ƙirji yana tafiya tare da nauyi. Yana taimakawa wajen jera su daga babba zuwa ƙarami, amma na wucin gadi ne. Sikelin bai kai kuɗin buhun dusa biyu ba.

Sa'a da sa'a ake gwadawa

A nan ne mafi yawan masu rubuta nauyi suke ɓata aikinsu. Suna da lambobi, amma suna gwada ɗan da aka haifa a watan Oktoba, wanda ya tarar da uwa ta ƙoshi, ga harawa sabuwa ga karan gona, da wanda aka haifa a Maris lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, uwar na lasar ƙasa. Na farkon zai fi nauyi ko da jininsa bai kai na biyun ba. A Jos akwai ƙarin wani abu. Muna bisa tudu sama da mita 1,200, damina na da tsawo, kuma a Yuli da Agusta ruwa ba ya ɗagawa. 'Ya'yan da suka taso a wannan laima suna fama da tsutsar ciki mai shan jini da tari da ruɓewar kofato, ciyawar ma ruwa ce tsagwaronta. Ba adalci ba ne a jera su da 'yan kaka.

Rukunin sa'anni shi ne waɗanda aka haifa cikin kwana 30 zuwa 45 na juna, suka kwana a garke ɗaya, suka ci abinci ɗaya, aka yi musu magani tare, kuma maza daban mata daban. Kowane ɗa da matsakaicin rukuninsa za a gwada shi, ba da wani can ba. Abin da kake nema ba "kilo nawa ya kai" ba ne, "da kilo nawa ya fi sa'anninsa" ne.

Akwai kuma ɗan gata. Kowane gida yana da shi: maraya ko wanda yara suka ɗauka nasu, yana shiga har madafa, yana cin ƙanzo da ɓawon dankali da ragowar tuwo. Zai fi kowa sheƙi. Ka rubuta nauyinsa, amma ka ja layi a ƙarƙashi, kada ya shiga gasar. Haka wanda ya yi doguwar jinya. Shi ya sa rigakafi yake cikin aikin tantancewa: idan annobar PPR mai zawo da majina ta ratsa garke, nauyin wannan zangon ba ya gaya maka komai game da jini. Mu da Vom ke kusa da mu, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924 kuma ake yin allurar wannan cuta, ba mu da uzurin sakaci.

Daidaita nauyi: nan ne lissafin yake

Ko cikin rukuni ɗaya ba rana ɗaya aka haife su ba, saboda haka sai an mayar da kowa kamar a kwana 90 aka auna shi. Ka cire nauyin haihuwa daga nauyin yaye, ka raba da yawan kwanakinsa, abin da ya fito shi ne ƙarin da yake yi kullum. Ka ninka shi sau 90, ka mayar da nauyin haihuwa a kai.

A ce ga 'yan raguna biyu. Na farko ya faɗo da kilo 3.0, ranar awo yana da kwana 100, sikeli ya nuna 15.0. Ya ƙara kilo 12 a kwana 100, wato giram 120 kullum. Sau 90 ya ba da 10.8, a haɗa da 3.0, ya zama 13.8. Na biyu ya faɗo da 2.5, kwanansa 80, sikeli ya nuna 13.7. Ya ƙara 11.2 a kwana 80, giram 140 kullum, sau 90 ya ba da 12.6, a haɗa da 2.5, ya zama 15.1. A ido da a sikeli na farkon ne babba. A littafi ƙaramin ya wuce shi da fiye da kilo guda. Da dillali ne zai zaɓa, na farkon zai kama.

Saura tagwaye. Wanda ya sha nono shi kaɗai ba daidai yake da wanda ya yi rabo da ɗan'uwansa ba. Idan ba ka gyara wannan ba, kullum tilo za ka riƙa zaɓa, a hankali ka kori jinin tagwaye daga garkenka da hannunka. Gyaran daga littafinka zai fito. Ka fitar da matsakaicin tilo da matsakaicin tagwaye, ka raba na farko da na biyu. A ce tilo sun tsaya a 14.4, tagwaye a 12.0, ka samu 1.2 ke nan. Duk ɗan tagwaye sai ka ninka nauyinsa da 1.2. Ɗan tagwayen da ya nuna 12.9, wanda ba wanda zai kalle shi sau biyu, ya koma 15.5, ya haye waɗancan biyun duka.

Haka za ka yi wa 'ya'yan farin haihuwa. Tunkiyar da ta haihu karon farko ita ma girma take yi, nononta bai kai na mai haihuwa ta uku ko ta huɗu ba, tsohuwar da haƙoranta suka zube ita ma ta ja baya. Amma in gaya maka gaskiya, wannan ninkin ba ya da amfani idan daga tagwaye uku ka fitar da shi. Kafin littafinka ya tara 'ya'ya masu yawa na shekara biyu ko uku, ka gwada tilo da tilo, tagwaye da tagwaye, ka zaɓi na gaba a kowane ɓangare. Ya fi aron lambar da aka fitar daga tumakin wata ƙasa masu cin abin da naka ba su taɓa gani ba.

Ƙimar iri

Yanzu kowane ɗa yana da lamba guda: ratar da ke tsakaninsa da matsakaicin sa'anninsa. Ka ninka ratar da kason gado, abin da ya fito shi ne ƙimar irinsa, wato hasashen abin da ke cikin jininsa. Ɗan ragon da ya fi sa'anninsa da kilo 3 a yaye, idan muka ɗauki kason gado 0.2, wato kashi 20 cikin ɗari, ƙimarsa kilo 0.6 ce. Rabi kawai yake bai wa ɗa, ɗaya rabin daga uwa yake zuwa. Ke nan 'ya'yansa za su fi na matsakaicin rago da wajen giram 300.

Na san abin da za ka ce: duk wannan wahala a kan giram 300? Ni ma haka na ce. Amma ka duba ta wata fuska. A wata shida, idan sa'anni sun tsaya a kilo 22, zakaransu ya kai 27, rata 5 ce, sau 0.3 ta ba da 1.5, 'ya'ya su samu 0.75. Ka ninka da 'ya'ya talatin ko arba'in da zai haifa a shekara. Sannan wannan ƙarin ba ya komawa. Dusa sai ka saya bana ka sake saya baɗi, jini kuwa da ya shiga garke ya zauna, zuriya ta gaba a kansa za ta ɗora. Wannan ne ya sa na fi dogara da awon wata shida wajen zaɓen rago, awon yaye kuma na bar shi ya yi mini shaida a kan uwa.

Shaidar da ta fi ta jikin rago ƙarfi ita ce ta 'ya'yansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma sai an ga gudun ɗan ake tabbatarwa. Idan ka yi amfani da raguna biyu a zango ɗaya, matan kuma ka raba su ba son kai, ba ka tara wa ɗaya manyan iyaye ka bar wa ɗaya ragowa ba, to ka fitar da matsakaicin 'ya'yan kowanne ka gwada da na rukunin duka. Sai dai yawan 'ya'yan yana da nauyi a hukuncin. Idan kason gado 0.2 ne, ka raba yawan 'ya'yan da yawan nasu haɗe da 19, ka ninka ratar da abin da ya fito. Rago mai 'ya'ya 20 da suka fi rukuni da kilo 1.0: 20 a raba da 39 ya ba da 0.51, abin da za ka sa rai ke nan daga 'ya'yansa na gaba, rabin kilo. Wani kuma 'ya'yansa 3 kacal, sun fi rukuni da kilo 2.0: 3 a raba da 22 ya ba da kusan 0.14, sau biyu 0.27. Na biyun ya fi burgewa a baki, na farkon ya fi shi a lissafi, domin uku suna iya zama sa'a, ashirin ba sa'a ba ce. A wannan ma'auni, 'ya'ya biyar suna gaya maka kusan abin da nauyin ragon kansa zai gaya maka, daga nan sama kuwa sun fi shi gaskiya.

Uwa

Tunkiya ba a nauyin jikinta ake yi mata hukunci ba. Ka tara nauyin duk 'ya'yan da ta yaye a kowace haihuwa, ka duba tazarar da ke tsakanin haihuwa da haihuwa. Wadda ta yaye tagwaye masu kilo 12 kowanne ta ba ka 24, ta fi wadda ta yaye tilo mai 16, ko da ita ta rame ta biyun tana sheƙi. Sau da yawa ramar tata shaida ce cewa jikinta take narkarwa ta zuba a nono. Wadda kullum tana da ƙiba bayan yaye, 'ya'yanta kuma a baya, ita ce ta kasuwa. Kada ka yanke hukunci da haihuwa ɗaya, ka ba ta biyu ko uku. Amma wadda ta ƙi ɗanta sau biyu, ko hantsarta ta lalace gefe guda, ba sai an jira lissafi ba.

Kada kuma son nauyi ya rufe maka ido. Idan ka bi girma kaɗai, iyaye mata ma za su riƙa ƙara girma, cinsu ya ƙaru, ga rani mai tsawo. Nauyin haihuwa kuwa matsakaici ake so: ƙarami ainun sanyin Disamba ya kashe shi, babba ainun ya maƙale wa uwa. Ina kuma duba cikin fatar ido ta ƙasa da damina. Ja alamar jini ne, fari alamar tsutsa ta sha shi. A Afirka ta Kudu aka tsara wannan dubawa da katin launuka mai suna FAMACHA. Wanda kullum sai an ba shi maganin tsutsa alhali sa'anninsa lafiya lau, ina rubuta shi, kuma ba ya zama uba a garkena ko ya fi kowa nauyi.

Zaɓe, da jarabawar Sallah

Rago rabin garke ne. Guda ɗaya ya isa mata 25 zuwa 30, saboda haka cikin 'yan raguna goma sha biyar ɗaya ko biyu kawai kake buƙata, kana da damar tsananta zaɓe. Mata kuwa dole ka riƙe kusan rabinsu don maye gurbin tsofaffi. Ka jera mazan bisa ƙimar iri, ka ɗauki uku na sama, sannan ido ya yi nasa aikin: 'ya'yan maraina biyu sun sauko, daidai suke kuma da tauri, haƙoran ƙasa sun zauna daidai kan dasashin sama, ƙafafu a miƙe, kofato lafiya. Wanda ya faɗi a nan ya fita, komai lambarsa.

Abin da ke cin garkenmu a ƙasar nan ba rashin jini mai kyau ba ne. Duk shekara wanda ya fi saurin girma shi ke fara isa kasuwa, shi ake yankawa a suna, shi ake kai wa suruki. Wanda ya tsumbure, ba mai saye, shi ke kwana a garke yana barbara. Shekara goma ana haka, sai mutum ya ce tumakin yanzu ba su da albarka. Zaɓe ake yi, amma da baya-baya. Ranar da ka gama lissafi, ka ɗaura wa wanda ka zaɓa jan zare a wuya, ka gaya wa mutanen gida cewa wannan ba shi da farashi.

Sai batun dangantaka. Idan uba ya hau 'yarsa, ɗan da za a haifa yana da kashi 25 cikin ɗari na haɗuwar jini, idan 'yan uba ne suka haɗu kashi 12.5. Sakamakonsa raguwar girma, da raunin jarirai, da ƙarancin haihuwa, wato ya cinye ribar da ka sha wahalar tarawa. 'Yan matan Yankasa suna isa barbara tun kafin su cika shekara, saboda haka rago ba ya wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan rukuni ɗaya sai an san yadda aka raba shi da 'ya'yansa. Hanya mafi sauƙi ita ce musaya da wani mai littafi irinka. Musayar tana da wata fa'ida: idan rago ɗaya ya haifi 'ya'ya a garke biyu, ya zama gada, ana iya gwada jinin garkenka da na abokinka duk da abincinku ba ɗaya ba ne.

Game da kawo Balami ko Uda don ƙara girma, ban hana ba, amma ka sani dabbobin busasshiyar ƙasa ne, Balami na Barno da kewaye, Uda na can gefen Sahel. Laimar Filato ba ta yi musu daɗi kamar Yankasa. Kuma 'ya'yan farko na gauraye sukan yi kyau fiye da abin da za su iya gadarwa, domin akwai wani ƙarfi da haɗuwar jini biyu mabambanta ke bayarwa wanda yake raguwa a zuriya ta biyu. Idan kana da gauraye, ka ba su rukuninsu daban a littafi. Haka batun yake ga ragon Dorper na Afirka ta Kudu da ake ta yayi: a gwada 'ya'yansa a garkenka, da abincinka, a daminarka, kafin a yi masa kirari.

Idan littafi ya yi kauri

Lissafin da na nuna na hannu ne, kowace dabba da shaidarta ko ta 'ya'yanta. Manyan shirye-shiryen kiwo suna amfani da wata hanya da ake kira BLUP, wadda Charles Henderson na Jami'ar Kornel a Amurka ya shimfiɗa. Kwamfuta ce ke haɗa nauyin dabba da na iyayenta da 'yan'uwanta da 'ya'yanta a lokaci guda, tana cire tasirin garke da na zango, ta fitar wa kowa ƙimarsa. Da ita masu kiwon tumakin Katahdin a Amurka suke sayar da rago da lambobinsa a takarda. Yanzu har gwajin ƙwayoyin halitta ake ƙarawa a kai. Duk da haka ba abin da take ci sai abin da ke littafinka: lamba, uba, uwa, rana, nauyi. Idan gurbin uba zato ne, zato za ta mayar maka, da ado.

Garke mai mata ashirin ya yi ƙanƙanta ga wannan, amma garke goma sun isa. A Habasha, tun wajen 2009, ƙananan makiyaya a yankunan Bonga da Horro da Menz suka haɗa tumakinsu a matsayin garke ɗaya a takarda: ana aunawa, a zaɓi samarin raguna mafi kyau, ƙungiya ta riƙe su kada su tafi kasuwa, a riƙa zagayawa da su gida-gida. Ba abin da zai hana masu kiwo goma a Bukuru ko Rikkos su yi haka. Idan bayanan suka taru, akwai masu ilimin sarrafa su a cibiyar binciken kiwo ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka daɗe ana aiki kan Yankasa, da kuma sassan kimiyyar dabbobi na jami'o'i.

Mu dai yanzu mu huɗu ne muke musaya. Bara, saura kwana goma Sallah, wani dillali ya shigo garkena, ya wuce raguna shida da na turke domin kasuwa, ya je ya dafa mai jan zare. Ya ce, "Alhaji, wannan fa? Faɗi kuɗinsa." Na ce masa wannan ba nawa ba ne ni kaɗai, bayan Sallah zai tafi garken abokina ya yi kwana 42, daga can ya wuce na uku. Ya ƙara kuɗi sau biyu, ya ga ba zan motsa ba, ya koma kan na turken muka yi ciniki. 'Ya'yan mai jan zaren goma sha takwas ne a wajena yanzu, ranar Asabar mai zuwa za su hau sikeli na wata shida.